Sailuba Ta Shiga da Kyamara

Sailuba ta daɗe tana bin Malam Bahago, mai ɗaukar hoton fim, amma ba ta wuce riƙe ƙafar kyamara da jakar batur ba. Koyarwa kam yana koyarwa, da faɗa da komai: "Haske, Sailuba! Ki fara ganin haske kafin ki ga mutum." Ta iya, sai dai ba a taɓa ba ta ɗauka ba, kuma abin yana cin ta.

Ran nan suka je Ƙofar Gayan ɗaukar Iya Asabe, tsohuwar da ta yi suna a ɗinkin riga na hannu. Maigidan ya tare su a zaure da fara'a, sannan ya ce maza ba sa shiga, Iya kuma ba ta fitowa. Bahago ya yi ta sosa ƙeya. Da ƙyar ya miƙa wa Sailuba kyamarar, kamar mai ba da riƙon jariri.

"Ki kafa ta daidai tsayinki, ki ɗauko daga sama a ga ɗinkin. In kika ɓata, ba ke ba ita."

Ta shiga. Iya tana zaune a tabarma, allura a hannu. Sailuba ta durƙusa ta gaishe ta. To, gaisuwa ta ƙare, tashi ya gagara. Yaya za ta tsaya ƙerere a kan sa'ar kakarta? Sai ta ɗora kyamarar a kan kujera 'yar tsugunno, ta ɗauka daga ƙasa har ta gama.

A zaure Bahago ya duba abin da ta ɗauko. Ga Iya ta cika hoton da kwarjini, hasken hantsi a gefen fuskarta, zaren yana ƙyalli duk ta ja shi.

"Wa ya ce ki ɗauka daga ƙasa?"

"Malam, kunya na ji. Ba zan iya tsaya mata a ka ba."

Ya sake kallo. "Da ni ne, ɗankwalinta zan ɗauko. Saura hannuwanta, koma ki ƙarasa. Aikin nan naki ne."

Daɗi ya kama Sailuba, baki har kunne. Ta koma ciki, matan gida sun cika tsakar gida suna leƙe. Iya ta ɗago kai ta daka musu tsawa.

"Kai, ku ba mai hoto hanya!"