Yarinyar da Aka Bari a Bakin Kogi

"Tsaya," in ji Sista. "Wannan hamadar ai mun ratsa ta jiya."

Na ɗago kai daga littafin. Tana kwance rigingine, idanu a rufe, leɓe ya bushe, amma kunne ras yake. Tsohuwar malamar asibiti ce, katanga ɗaya ta raba ɗakinta da shagon ɗinkina. Ta ƙare ƙuruciyarta tana yi wa mutane allura tana haɗa musu da faɗa, ga shi yanzu ciwon hanta ya kwantar da ita, ido kuma ya daina ganin rubutu. Ni na zama idonta. Kullum da yamma sai in rufe keken ɗinki in shigo in karanta mata.

"Wata hamadar ce daban, Anti," na ce. "Kin san mutumin nan ba ya gajiya da hamada."

"Uhm," ta ce. "Ci gaba."

Littafi ne na biyu. Na farkon ta karanta shi da idonta tun tana aiki, ta kuma ba ni labarinsa har na haddace. Wani maraya ne da takobin gado, ya fita neman sarkin aljanun da ya ƙone garinsu. A ƙarshe ya fille masa kai, a hanyar dawowa ya iso wani kogi da ba a ƙetarewa, 'yar mai kwale-kwale ta ƙetarar da shi, masu tsaron kogin suka riƙe ta a madadinsa, shi kuma ya rantse zai dawo ya karɓe ta. Nan littafin ya tsaya. Shekara da shekaru Sista tana jiran ta ji an koma an ɗauko yarinyar nan.

Da na biyun ya fito, ɗanta ne ya aiko mata da shi daga can inda yake aiki. Shi ke nan gare ta, ɗa guda. An gaya masa jikin ya yi tsanani, sai ya aiko littafi a cikin kwali mai kyau.

Ban taɓa ganin shirme mai kauri irin wannan ba, ya isa a tada kai da shi. Jarumin namu, maimakon ya juya bakin kogi, sai aka ce wai sai ya tattara wasu makullai da aka warwatsa a duniya. Kowane makulli yana wani birni, kowane birni da tsohonsa mai dogon gemu, kowane tsoho kuma maganarsa ɗaya: abin da kake nema yana gaba. Sarkin aljanun da aka fille wa kai a na farko ya dawo da kansa a wuyansa, babu ko bayani. Ga sunaye sai ka ce an zuba tsakuwa a baki. Abokin jarumin ya mutu, muka yi masa kuka, bayan babi biyu ya shigo yana neman abinci. Tun daga ranar na daina ɓata hawayena a kan mutanen littafin.

Abu ɗaya ba zan hana marubucin ba, ya san hanya. In ya rubuta ƙafa ta yi bororo a cikin takalmi, sai ki ji taki tana zafi. Ya san itacen da ruwa ya jiƙa, ya san yadda mayunwata ke daina kallon juna. Akwai babin wani tsoho mai alfadarai da ya raka su ƙetare dutse, ya kwanta ciwo a wata bukka, ya ce su tafi su bar shi. Da suka tafi sai ya ja jiki ya kwance wa dabbobinsa igiya ɗaya bayan ɗaya, yana kiran kowace da sunanta. Wannan babin ya fi sauran littafin gaba ɗaya.

Ƙanwar Sista, wadda ta zo jinya, ba ta son karatun ko kaɗan.

"Mutum yana wannan hali, Yaya, a ce labarin aljanu ake zuba masa a kunne?"

"Kunnenki ne ko nawa?" in ji Sista. "Je ki duba ruwan zafin."

Ɗan kuwa yana kira, ba a ce ba ya kira ba. Ni nake kara mata wayar a kunne, saboda haka ina jin komai.

"Mama, ina nan tafe. Wani aiki ne ya riƙe ni, da na miƙa shi zan taso."

"To, Allah ya taimaka."

Wani satin wani taro ne, wani satin maigidansa ne ya yi tafiya. Kullum akwai abu ɗaya da ya rage. Murya mai daɗi gare shi, irin ta masu sayar da magani a mota. In ya kashe sai ta ce, "Yaron nan yana da aiki da yawa," ni kuma in buɗe shafi.

Sista tana da doka, ba a leƙa ƙarshen littafi. Ni kuwa tela ce, in aka miƙo mini riga bayanta nake fara juyawa in ga ɗinkin. Ran nan bangon littafin ya ɓalle, na kai shi shago in manne, na zauna na bi sauran shafukan ɗaya bayan ɗaya ina neman inda aka koma kogi. Babu. Ko a mafarki jarumin bai tuna da ita ba. Ya haɗa makullansa, ya buɗe wata ƙofa, ya tarar da wata taswira, ya hau jirgin ruwa da wata gimbiya mai gashin azurfa. Marubucin ya manta da yarinyar kamar yadda ake manta laima a gidan mutane.

Na zagi mutumin nan a raina zagin da ban taɓa yi wa mai rai ba. Daga nan na fara jan ƙafa. In karanta shafi kaɗan in ce makogwarona. In koma baya in maimaita babin da ya wuce. Likita ya riga ya gaya wa ƙanwarta a bakin ƙofa cewa abin ba zai ja ba, ni kuma na ƙudurta Sista ba za ta kai shafin ƙarshe ba. Gara ta tafi tana sa rai.

To ga shi yau ta kama ni a hamada. Na ci gaba kamar yadda ta ce, ban kai ƙasan shafin ba ta ɗaga yatsa.

"Raƙumin nan jiya ma ya faɗi. A wannan ramin." Ta buɗe ido ta juyo da su wajena, ko da yake na san inuwa kawai take gani. "Kin leƙa."

"Anti, ni?"

"Na yi shekaru ina kallon fuskar masu ɓoye wa majinyaci magana. Ke ko iyawa ba ki yi ba." Ta numfasa. "Bai koma ba ko?"

Na mayar da ido kan shafin. Fanka tana ta juyawa a sama, a waje wani yana buga ƙarfe.

"Ko aike bai yi mata ba?"

"Ko sunanta ba a sake ambata ba," na ce. "Banza ne, Anti. Shi da wanda ya rubuta shi duk banzaye ne."

Na ɗauka za ta yi mini faɗa. Sai ta yi 'yar dariya, dariyar ta koma tari, na tallafo kanta na ba ta ruwa a cokali.

"Tun a birni na uku na gane," ta ce. "Mai niyyar komawa ba ya yawan cewa saura kaɗan."

Wayar ta hau ruri a kan tebur, tsakanin kwalaben magani. Na duba, na ce mata shi ne. Na miƙa hannu zan ɗauka.

"Bar ta."

Muka bar ta ta yi ta gaji. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa jin ta ƙi amsa masa ba.

"Koma mini wurin mai alfadarai," ta ce.

Shi na karanta mata ranar, shi na karanta washegari. Ba ta sake tambayar makulli ko kogi ba, ba ta kuma sake tambayar ko an kira ba. Ran da za ta tafi, da hantsi ƙanwarta ta leƙo shago ta ce in zo. Na bar riga a ƙarƙashin allura na shiga. Ina tsakiyar inda tsohon yake kwance igiyar dabba ta ƙarshe, ƙanwar ta dafa mini gwiwa. Na ƙarasa layin, sannan na rufe littafin.

Ɗan ya iso kwana ɗaya bayan an binne ta, da akwati mai taya da jakar tsaraba. Ya tsaya a ƙofar shagona, idanu jawur.

"Anti, an ce ke kike mata karatu. Ta ji daɗin littafin kuwa? Kun gama?"

"Ta san ƙarshensa," na ce, na ci gaba da taka keke.

Ya daɗe a tsaye, sannan ya ja akwatinsa ya shiga gidan. Ta tagar shago ina hango tsakar gidansu. An fitar da katifarta an jingina da katanga ta sha rana, tsakiyarta ta lotsa daidai tsawon mutum. Ya ajiye jakar a ƙasa, ya tsaya a gabanta, ya sa tafin hannunsa a cikin lotsawar.