Farin Layi a Wuya

"Ɗauki buroshin ga, Bahillace," in ji Yari. "Hannuna ya ƙi."

Jaɓɓo ya karɓa yana juya shi kamar an miƙa masa kunama. Shi dillalin shanu ne a karar Illela, sanda ya sani da igiya. Maƙwabcinsa Yari, mai zane, yana kwance a tabarma a zaure, cikinsa ya kumbura, ƙafafunsa sun zama sanduna.

"In yi mi da shi?"

"Ka tahi shago. Duk mutumin da niz zana, ka ja mai layi ga wuya. Daga nan zuwa nan." Ya gitta yatsa a maƙogwaronsa. "Malam ya ce ran gobe ƙiyama za a ce in hura musu rai. In an raba kai da jiki, sun tashi daga mutane, ba a tambaya ta."

"Da kana zanen, ba ka san da ran gobe ba?"

"Da kana saida ramammen sa da sunan ƙosasshe, kai ka san da ita?"

Suka yi dariya, ta Yari ta ƙare da tari.

Shagon yana bayan gidan, daf da mahauta. Da ƙuruciya Yari zakuna yake zanawa a bayan manyan motocin da ke haye iyaka zuwa Ƙonni. Da ya tsufa sai ya koma zanen mutane a kan falanki, ba don kowa ya saya ba. Gawayi yake fara sawa, ya fitar da kafaɗu, ya shafa fenti, ido kuwa sai ƙarshe, kuma ba ya yinsa da mutum a kusa. Baƙin fentinsa daga cikin mataccen batir yake kankaro shi. Kowane zane da hankaka a ciki. Yakan jera tarkacen hanji a kan katanga don hankaki su sauko su tsaya masa.

Ranar ma suna nan a jere, ko da yake an daɗe ba a ajiye musu komai ba. Ba wanda ya yi kuka a cikinsu. Suka bi Jaɓɓo da ido har ya shige.

Ciki warin kananzir. Farin fenti kawai ya tarar bai bushe ba. Ya ja wa mai tallar albasa layi, ya ja wa ɗan canjin sefa, ya ja wa wata tsohuwa mai ƙwarya. Hankakin cikin zanen ya bar su, don Yari ya ce su Allah ya riga ya ja musu nasu farin.

Sai ya juyo falankin ƙarshe, ya ga Usama.

Ɗansa ke nan, shi kaɗai. Shekarun baya ya hau mota zuwa Agadas da niyyar Libiya, daga nan ba labari. Bai bar hoto ba. Yari ne ya zana shi da ka, har da tabon kahon da ke girarsa, da hankaka a kafaɗarsa. Duk ranar kasuwa Jaɓɓo kan shigo wai neman inuwa, ya zauna gabansa.

Ya ɗaga buroshin. Wurin da layin zai bi, nan wuƙa take bi a wuyan rago. Ba wanda ya ce masa Usama ya mutu. Ya ajiye buroshin ya fito.

"Ka gama?" in ji Yari.

"Na gama."

"Har shi?"

Jaɓɓo ya dubi ƙofa.

"Ƙarya ba ta yi maka kyau, Bahillace. Ni ma da nika iyawa, na kasa." Ya lumshe ido. "Amma in an ce in hura mai rai, Jaɓɓo, da mi zan hura? Da ina da shi, da tuni na mai da ma ɗanka."

Da la'asar Rakiya, matar Yari, ta leƙo ta katanga, mayafinta a baki.

"Baban Usama, taho. Abokinka ya cika."

Aka yi masa sutura kafin faɗuwar rana. Jaɓɓo yana cikin masu saka shi a kabari, ya ji gawar ba nauyi, kamar falanki. Da ake mayar da ƙasa liman ya ce a roƙa masa tabbata, yanzu za a fara tambayarsa. Jaɓɓo bai tsaya gaisuwa ba. Ya yanke ta bayan mahauta ya nufi shagon, da ƙasar kabari a gwiwarsa.

Hankakin sun ƙaru, har kan rufin kwano.

Ya tsoma buroshin, ya durƙusa, ya dafa goshin zanen da hannun hagu kamar yadda yake dafa ɗan maraƙi.

"Yi haƙuri, ɗana. In kana raye, wanga ba ya taɓa ka."

Ya ja layin. Fentin ya yi yawa. Farin ya zagaye wuyan, ya gangaro a hankali ya bazu a ƙirjin Usama, daidai da na tsuntsun da ke kafaɗarsa.

Jaɓɓo ya zauna a ƙasa yana jiran ya bushe. A sama, farata suna ta takawa a kan kwano.