Harin Lokacin Buɗa-Baki

Tun shigowar azumi ƙungiyar su Rabab take shan kashi a wasan yaƙin da suke yi ta waya. Abokan gaba sun gano lagonsu: da an kira Magariba a Asyut kowa zai ajiye waya ya nufi dabino, su kuwa sai su afka. Ganuwa ɗaya ta rage, in ta faɗi ƙungiyar ta watse.

Kawu Girgis, maƙwabcinsu Kirista da suke wasan tare, ya ce musu ta waya, "Ku bar ƙofar a buɗe, ku miƙo mini ragamar dawakanku. Ni ai ba azumi nake ba."

"Kawu, da wannan tsohon tabarau naka?" in ji Rabab.

"Je ki sha ruwanki, 'yar nan."

Da aka kira Magariba, ya ɓoye dawakan bayan tsauni, ya ƙyale maharan suka shige har tsakiya, sannan ya datse musu hanyar komawa.

Da Rabab ta leƙa waya, tutarsu na nan daram. Ta sauka wajensa a ƙasan bene da farantin kunafa, wani kayan zaƙi, ta tarar yana goge tabarau.

"Gobe ta gabas za su ɓullo," ya ce. "Ajiye nan."