Haƙoran Kifi a Dutsen Taloka

Shekara ɗaya da wata biyu bayan rasuwar matata Kaltume, ɗiyarmu Larai ta zo Wurno daga Rara, ta tsaya ƙofar zaure ta ƙi shiga. Mijinta Halliru na bayanta ɗauke da kwandon albasa, yana kallon ƙasa irin na surukin da ya san da faɗa anka zo.

"Shigo mana," na ce.

"Nan ma ya isa, Baba."

Na san dalili. Kaltume 'yar Taloka ce, ƙauye a gindin duwatsu gaba da Goronyo. Tun tana amarya take faɗin wai bisa dutsen garinsu akwai katantanwa da haƙoran kifi daskare cikin ƙasa, mata na tsinta su daka su yi allin kaɗi. Ni kuwa aikina juyar littattafai, wato kwafarsu da hannu. Na karanta labarin tekuna, na san inda kowane yake, kuma babu wanda ke kusa da Goronyo. Ranar sunan ɗan Larai na fari, zaurena cike da malamai, wani ya tada zancen. Na ɗaga murya don ta ji daga bayan katanga, na ce matata ta ga kifi bisa dutse, gobe sai ta ga raƙumi cikin tulu. Anka yi dariya har wani ya shaƙe da fura. Kaltume ba ta ƙara ambatar dutsen ba har ta mutu, shekara bakwai. Larai na tare da ita a bayan katangar ranar.

"Ba ni ƙara shiga gidan ga," in ji Larai, "sai ka tahi ka gani da idonka. Mu ukku za mu, da Halliru."

Ita kaɗai Allah ya bar mani cikin 'ya'ya shida. Tun ranar arba'in ba ta sake takowa ba. Na ce to, mu shirya.

A nan bakin ƙofa munka yi shawara, ni a kan buzu, ita a tsugune can waje kamar mai sayar da nono. Na kawo takarda da tawada, don ban saba yin abu ba rubutu ba. Na ce sai bayan an gama yankan dawa, hanya ta bushe. Zan ari jakai biyu gun maƙwabcina Isa, ɗaya nawa ɗaya na kaya.

"Jibi za mu," ta ce. "Kuma ba jaki."

"Mi? Cikin wannan laka?"

"Saboda ita. Inna ta ce ruwa ka wanke jikin dutse ya tone su. Da rani ya kama mata sun tsince, abin da ya rage ƙasa ta ruhe. In mun kai ba mu ga komi ba, ka dawo ka ce ka yi gaskiya."

Abin da na yi niyya ke nan, amma ban zaci ya fito fili haka ba.

Halliru ya gyara murya. "Malam, fadama ta cika. Jaki shina nutsewa har ciki. Mutum kau ya bi kunyar gona ya wuce."

"Ni, da shekara sittin da huɗu, in bi kunyar gona kamar mai korar tsuntsu?"

"Inna da ƙahwa ta sauko daga can ran da anka kawo ma ita," in ji Larai.

Na goge jakan daga takarda.

Sauran shirin bai yi wuya ba, ko da yake kowane abu sai da munka ja. Zango biyu: kwana ɗaya a wani ƙauyen masunta bakin kogin Rima inda Halliru ke da aboki, kwana ɗaya a Goronyo, rana ta uku mu isa gidan Mode, ƙanen Kaltume. Guzuri garin gero da ƙuli-ƙuli da goran ruwa uku. Jikokina za a bar su Rara gun kakarsu, uwar Halliru. Larai ta ce babbar riga ba ta zuwa. Na ce to littafi na zuwa, mujalladi guda mai bayanin ƙasashe da ruwaye, wanda na yi niyyar buɗe wa Mode. Ta ce wanda ya ɗauko shi ya ɗauka da kansa.

Halliru ya tambaya ko za mu yi sallar ƙasaru. Na lissafa nisan a gabansa, na ce bai kai ba, raka'a huɗu zai yi cif. Wannan kaɗai na ci a shawarar.

Tafiyar ba ta cancanci dogon bayani ba. Na faɗi sau biyu. Takalmina ɗaya yana can cikin tabo kusa da ƙauyen masunta har yau. Littafin ya ƙara nauyi kowace rana, abin da marubucinsa bai ambata ba.

Mode ya tarye mu bakin gari da hantsi. Ya dube ni sama da ƙasa, laka har gwiwa.

"A'aha, Malam Yusha'u! Wa ya sace maka jaki? Ko ilimi ne ya yi nauyi ya kasa ɗauka?"

"Kai ni dutsen, Mode."

"Sannu dai, mijin yaya. Shekara arba'in muna jiranka, ka bari mu sha ruwa."

Dutsen ba wani dogo ba ne, tudu ne mai faffaɗan kai, jikinsa zane-zane kamar an jera tabarmi masu launi, ja da toka-toka da rawaya. Ruwan shekaranjiya ya tsattsage shi. Mata uku na can tsakiyarsa a duƙe da ƙoƙuna. Munka hau da hannu da ƙafa, ƙasar na ɓarewa ƙarƙashinmu. Jaki bai yin taku goma a wurin.

"Bar kallon sama, Malam," in ji Mode. "Nan ƙasa aka dubi."

Na duba. Da fari tsakuwa na gani. Sai ɗaya daga cikin tsakuwar ta zama katantanwa, da murɗinta cikakke, zobe bisa zobe har tsini. Na ɗauka. Nauyin dutse gare ta. Kusa da ita wata, kusa da wannan wata iri dabam mai baki biyu a haɗe, da zanen haƙarƙari kamar yanzu anka fidda ta daga ruwa. Duk inda na kai ido suna nan. A kansu nake tsaye. Mode ya sa mani wani abu baƙi a tafin hannu, mai sheƙi, tsawon ɗan yatsa, gefensa da kaifi har ya kama fata.

"Haƙori. Yara ka wasa da su."

Na jujjuya shi a hannu. Na yi shekaru ina cin kifin Rima, kuma babu mai haƙori irin wannan a ciki.

"Zo ka ga babban," ya ce. "Bana ruwa ya buɗe shi."

Ya kai mu wani kwazazzabo da ke ƙasa da kan dutsen kaɗan. A jikin bangonsa ƙashin baya ne kwance, gaɓa bayan gaɓa, kowace ta kai dunƙulen hannuna biyu. Na bi shi ina aunawa da taku. Tara na ƙirga kafin ya shige cikin ƙasa, kuma bai nuna alamar ƙarewa ba. A ɗaya gefen muƙamuƙi ne ya fi kamu biyu, haƙora jere. Halliru ya ce kada ne. Mode ya ce ya nuna mashi ƙafafun. Inda ƙafa za ta zama, ƙasusuwa ne shimfiɗe kamar filafilin tuƙa jirgin ruwa.

Na zauna bakin kwazazzabon. Daga nan ana hangen kwarin Rima gaba ɗaya, ruwa kamar zare, gonaki kore shar, Goronyo kamar an zubar da tsabar wake. Na dubi zurfin da ke tsakanin inda nake da kogin. Kafin wannan dabba ta yi iyo a nan, sai ruwa ya cike kwarin duka, ya haye dutsen, ya rufe Wurno da masallacinta da zaurena, ya yi sama da su har inda shaho ke shawagi. Ko Ɗufana ce, ko wani ruwan da ya riga ta, ban sani ba. Na laluba cikin duk abin da na haddace, ban sami layi ɗaya da ya kai nan ba. Na ji bakina na tasbihi ba tare da na sa shi ba.

A nan Kaltume ta yi ƙuruciya. Ta tsinci wannan a ƙoƙo, ta shafa a yatsu ta kaɗa zaren rigunana, ta kawo mani labarin kyauta har gida.

Larai na tsaye gefena.

"Uwarki ta yi gaskiya," na ce.

"Ba nan anka yi mata dariya ba, Baba."

Ranar Jumma'ar da ta biyo komawarmu na aika kiran waɗanda sunka halarci sunan. Biyar sunka rage da rai, ɗaya ba ya ji sosai. Na zaunar da su a zaure, na bar ƙofa buɗe, don Larai na waje. Na faɗa masu abin da na gani, na ce Kaltume ta faɗi gaskiya, ni na ƙaryata ta da jahilci a gabansu, kuma ina roƙon Allah ya sa ta yafe mani. Malam Zayyanu, kurman, ya karkato kunne ya ce mi na ce. Dole na maimaita da ƙarfi, har masu wucewa sunka tsaya.

Larai ta tuɓe takalmi, ta gaida su ɗaya bayan ɗaya, ta wuce cikin gida. Can na jiyo ta tana tambaya wane azzalumi ne ya bar turmi cikin ruwa damina guda.