Sandunan Shanyar Barkono

Tun ranar da Zhan Defu ya ga garin itace a ƙarƙashin taga ya san gara ta shiga sandunan shanya, kuma idan ba a yi wani abu ba sai sun jawo masa kuka.

Su shida ne, sun fito daga tagar bene sun miƙe saman lungu tun zamanin kakansa. A kansu ake jera faifan gora cike da jan barkono. Da can sai lokacin girbi ake shanya. Yanzu kamfanin da ke sayar da tikitin shiga ƙauyen yana son faifai a cike kullum, saboda masu ɗaukar hoto.

Defu ya sassaƙa sabuwar sanda. Manajan kamfanin ya gani ya yi dariya.

"Tsoho Zhan, wa zai hawo dutsen nan don kallon farin katako? Gidanka na tarihi ne, ba a canja komai sai gunduma ta sa hannu. Ka jira."

Wata biyu sandar tana ƙarƙashin gado.

Wata safiya motoci uku suka sauke baƙi masu yawon buɗe ido. Defu ya ja kunnen 'yarsa Qiaoyun, wadda ke sa shuɗiyar rigar gargajiya ta tsaya a taga: ta tura faifai da gora, kada ta taka sanda.

"Baba, kai ko kaza ta yi tari sai ka nemo likita," ta ce. "Ni ɗin nawa nake? Faifan ya fi ni nauyi."

Yana ƙofar gida yana soya awarar sayarwa sai ya ji wani baƙo yana cewa, "Ƙanwata, ɗan ƙara fitowa, hannunki bai shiga hoton ba." Defu ya ɗaga kai. Gwiwar Qiaoyun tana kan sanda ta uku. Ya buɗe baki ya rufe, yana tsoron kira ya firgita ta.

Ƙarar karyewar sandar ba ta da yawa, kamar an karya rake. Barkonon ne ya riga ta isowa ƙasa.

Mota ba ta shiga lungunan ƙauyen. Maƙwabta suka cire ƙyauren ƙofa suka ɗora ta, suka gangara matakalar dutse zuwa titi. Defu yana riƙe da gefen kanta.

"Baba, takalmana sun faɗi ne?"

Ya duba. Duka biyun suna ƙafarta.

"Suna nan," ya ce. "Kwanta kawai."

A asibiti an shiga da ita ɗakin tiyata tun tsakar rana. Har yanzu babu wanda ya fito ya gaya masa ko za ta sake takawa.