Kiriyo a Bakin Gada

Alassan yana ɗaure buhunan albasa a bayan kamiyo, babbar motar kaya, aka zo aka ce masa sojoji sun riƙe ƴarsa Ilham a bakin gada. Ko hularsa bai tsaya ɗauka ba.

Ya tarar da ita tsaye gaban wata rumfa, ta haɗe hannuwa a ƙirji. Wani soja mai ɗan furfura yana zaune kan benci, yana buɗe kayenta, littafin da take zane a ciki, shafi bayan shafi. Alassan ya san kayen nan. Zane ashirin ne a ciki, na gadar shi ne na ƙarshe, kuma gobe mushe, malaminta, zai tafi da su Yamai don jarrabawar shiga makarantar zane. In ba su cika ashirin ba, ba a karɓa.

"Kai ne ubanta?"

"Ni ne, shef."

"Ta miƙe hannu, ta rufe ido ɗaya, tana auna gada da kiriyo. A wannan lokacin da muke ciki! Wa ya aiko ta?"

Alassan ya sha ganin tana yin haka da fensirin nan nata a tsakar gida, bai taɓa tambayar dalili ba.

"Wallahi shef, haka take yi wa turmin uwarta. Har akuya ba ta bari ba."

Sojan bai yi dariya ba.

"Mushe ya ce mu zana abin da ido ya gani, ba abin da muka sani ba," in ji Ilham. "Da kiriyon nake gwada tsawo da faɗi."

"Ke, rufe min baki!" in ji Alassan.

"Ƙyale ta, malam." Sojan ya turo butar shayinsa da ƙafa, ya miƙa mata kayen. "Auna wannan mu gani."

Ta durƙusa, ta buɗe sabon shafi. Ta ɗaga kiriyon, ta saita butar. Alassan ya lura hannun a lanƙwashe yake, alhali a gida kamar sanda take miƙe shi.

"Miƙe hannun sosai, uwata," ya ce a hankali.

Ta miƙe. Ta rufe ido ɗaya, ta zame babban yatsa kan kiriyon, ta sa ɗigo a takarda. Ta sake aunawa. Alassan yana kallo har butar ta fito a takardar: lotsewar gefenta, wayar da aka ɗaure murfin da ita, inuwarta a ƙasa.

Sojan ya daɗe yana dubawa. Sannan ya koma shafin gadar, ya yage shi, ya ninke, ya sa aljihu.

"Wannan ba zai bar nan ba. Kada in sake ganinta a wajen nan."

"To na butar fa, shef?" in ji Alassan.

"Me zan yi da shi? Ina da buta."

Sai da suka wuce tashar kamiyoyi Alassan ya tsaya, ya karɓi kayen, ya tsotsi yatsa ya ƙirga shafukan. Ashirin, har da na butar. Ya sake ƙirgawa.