Shayi Kaɗan-Kaɗan

Tun ranar da Khan, sarkin ƙasar, ya yafa wa Kodirbek alkyabbar zinare a bainar jama'a, abinci ya daina yi wa Toshtemir daɗi. Yaron da shi ya koya wa riƙon linzami! Shi kuwa da furfurarsa ta fito a fagen fama yana jagorancin mahaya, ko rawani ba a taɓa ba shi ba.

Wata rana da hantsi, ana tsakiyar yaƙi, manzo Norboy ya diro tsakar gidansa yana haki.

"Ranka ya daɗe, gadar kogi ta shiga hannunmu! Abokan gaba sun watse, sun nufi mashigin dutse. Kodirbek ya ce ka toshe mashigin da mahayanka kafin azahar, yau yaƙi ya ƙare."

Kodirbek ya ce! Toshtemir ya hango alkyabba ta biyu tana sauka a kafaɗar yaron.

"Zauna, Norboy, gidana ba tasha ba ne. Sanobar, shayi!"

'Yarsa ta fito da buta. A al'adarsu, baƙon da ake girmamawa kaɗan-kaɗan ake zuba masa, kuma ba ya tashi muddin mai gida na ƙara masa. Kofi cike kuwa sallama ce. Sanobar ta dubi bango, inda gurasar da yayanta Ulmas ya gatsa ranar tafiyarsa yaƙi take rataye, tana jiran ya dawo ya cinye. Ta cika kofin fal.

Uban ya kwarar da shayin a ƙasa, ya fizge butar.

"Korar baƙi aka koya miki a makaranta?"

"Baba, Yaya yana gadar nan."

"Yana tare da gwarzon Khan mai alkyabba. Me zai same shi?"

Ya ɗiga wa Norboy kurɓi guda. Ya tambayi lafiyar mahaifiyarsa, da yadda kankana ta yi bana a ƙauyensu. Norboy yana sha, yana satar kallon inuwa, kunya ta ɗaure masa ƙafa.

Sai la'asar aka ɗaura sirdi. Kafin su isa, abokan gaba sun haye, sun kafa igwa a kan dutse. Yaƙin da zai mutu ran nan ya miƙe, ya ci damuna bayan damuna. Kodirbek ya faɗi matacce a bakin mashigin. Ulmas ma.

Sanobar ba ta yi kuka gaban kowa ba. Ta ɗauki noman gidan a kanta, kullum tana kakkaɓe ƙurar gurasar da ta bushe kamar tsakuwa.

Da manyan mayaƙa suka ƙare, Khan ya aiko wa Toshtemir alkyabbar. Ya yafa, ya zauna ƙarƙashin inabin tsakar gida, hannun rigar ya yi masa tsawo.

"Sanobar, shayi."

Ta zo, ta dube shi ido cikin ido, ta zuba har ya malalo kan zinaren.